Shin ya halatta a sauya kwanan watan fayil a manyan kwamfutoci?

Manyan kwamfutocin nan da ake kira mainframe, waɗanda kamfanin IBM na Amurka ya yi fice wajen ƙerawa tun daga samfurin System/360 na shekarar 1964, su ne har yanzu ke riƙe da asusun ajiya na bankuna da kamfanonin inshora da dama. Kowane fayil a cikinsu na ɗauke da ranar da aka ƙirƙire shi da ranar da aka buɗe shi na ƙarshe. To sai dai akwai manhajojin da ke iya sauya waɗannan ranaku, lamarin da ke jawo taƙaddama tsakanin injiniyoyi da masu binciken kuɗi.

Masu goyon baya na cewa larura ce. Idan aka kwashe fayiloli zuwa sabon faifai, sukan iya ɗaukar ranar da aka kwashe su. Da yake kwamfutar na duba ranakun ne wajen tantance fayil ɗin da za ta adana ko ta goge, kuskure na iya janyo asarar muhimman bayanai. Kazalika gabanin shekarar 2000, bankuna sun yi ta gwada tsare-tsarensu da ranakun bogi domin kauce wa matsalar Y2K.

Su kuwa masu suka na ganin cewa manhajar da ke gyara kuskure, ita ce ke iya ɓoye maguɗi. Bayan durƙushewar kamfanin Enron a 2001, Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekaru 20 ga wanda ya jirkita bayanai don kawo cikas ga bincike. Masu kutse ma kan sauya ranaku don ɓatar da sawunsu.

Sai dai haramtawa ba za ta magance matsalar ba, domin tsarin z/OS na IBM kansa na zuwa da manhajar AMASPZAP, mai iya yin rubutu kai tsaye a kan faifai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a taƙaita masu izini ta hanyar tsarin tsaro irin su RACF, sannan a ajiye rajistar ayyuka ta SMF a inda mai sauyin ba zai iya taɓa ta ba.

Ke nan sauyin da aka rubuta wanda ya yi shi da dalilinsa gyara ne. Wanda aka yi a ɓoye kuwa, ko da niyyar mai shi tagari ce, ya raunana shaidar da kotu da masu ajiya ke dogaro da ita.