Zaman Gida: Rumbu Na Mutum Biyu Ne

A wannan wata muna so mu yi magana a kan abin da yakan kawo ɓacin rai a gidajenmu na ƙauye, wato sha'anin rumbu.

Mun san yadda shekarar manomi take tafiya. Akan yi shuka wajen watan Yuni, gero ya nuna bayan kamar kwana 90, dawa kuwa sai wajen Nuwamba. Da kaka kowa yana murna. Amma da kaka ne hatsi ya fi araha, a lokacin ne kuma bukatu suke taruwa: biki, kuɗin makaranta, tufafin Kirsimati, da bashin taki. Sai maigida ya ɗebi damuna ya sussuke, ya kai kasuwa. Daga nan ya tafi cin rani Kano ko Legas, ya bar uwargida da yara, ita kuwa ba ta san abin da ya rage a rumbu ba.

Idan Yuli da Agusta suka zo, aikin gona ya yi tsanani, rumbu ya yi ƙasa, hatsi kuma ya yi tsada. Maigida yakan tafi ƙodago a gonar wani don ya samo mudu ɗaya, ciyawa kuwa tana cin tasa gonar. Ta haka amfanin baɗi yake raguwa tun bana. Yaran da aka yaye su ne suka fi shan wuya, gama lokacin zazzaɓin sauro ke nan. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar tsohon hatsi.

To, me za mu yi? Da fari, miji da mata su ƙidaya damuna tare ranar zubawa a rumbu. Gidan da yake cin mudu 2 kowace rana yana bukatar mudu 730 a shekara, ban da iri da rabon baƙi. Sai an ware wannan kafin a yi zancen kasuwa. Na biyu, a bar wake ya bushe sarai, a zuba shi a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka soma yaɗawa a 2007. In an ɗaure bakinsa tam, ƙwari sukan mutu don rashin iska, ba sai an sa magani ba. Na uku, abin da uwargida ta noma a gayaunarta nata ne. In za ta taimaka da shi, a roƙe ta, kada a ƙwace.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida, wadda take auna tuwon kowace rana ta fi kowa sanin kwana nawa rumbu zai kai. Ka tambaye ta tun hatsi yana nan.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.