Yabon Gwani Ya Zama Dole, To Tarkensa Fa?

A shekarar 1982 aka fitar da wani littafi da Ingilishi mai suna Art in Development: A Nigerian Perspective, wanda ya tattara maƙalu da jawaban Uche Okeke a kan zane da koyar da shi. Okeke, wanda aka haifa a 1933 ya rasu a 2016, Inyamuri ne daga Nimo, amma a Kafanchan ya tashi, a Zariya kuma ya koyi zane. Na ɗauko zancensa ne domin in yi jayayya da wani ra'ayi da ya yi kaka-gida a ƙungiyoyinmu na raya al'adu, daga nan Gaya har Yamai: wai tarken zane shagalin Nasara ne, mu namu gwanayen yabo ya ishe su.

A 1958 Okeke da abokan karatunsa, irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kukansu shi ne ana koya musu zane tamkar a Ingila suke zaune. A 1960 Okeke ya rubuta musu manufa wadda ya kira Natural Synthesis, wato a gauraya dabarun da aka koyo daga waje da gadon gida har su zama abu guda. Shi kansa ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Cibiyar da ya fara a Kafanchan tun yana ɗalibi ita ce ta zama Asele Institute a Nimo, inda ya tara zane-zane da littattafai. Ke nan aiki uku ya haɗa: ya zana, ya gina wa zane gida, ya kuma rubuta hukuncinsa a kansa. Saboda na ukun ne ɗalibin da bai taɓa ganin sa ba yake iya musu da shi a yau.

Mu fa? Gwanaye ba su yi mana ƙaranci ba. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Falke Barmu ya soma masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, aikin da ya ci lambar Aga Khan a 1986. Ga zayyanar bangon gidajen Birni a Damagaram, ga ɗinkin aska takwas a wuyan riga. Amma idan ɗalibi ya tambayi malaminsa abin da ya sa bakan gizon Durugu ya fi na wani magini, amsar ba ta wuce “ai gwani ne”. Wannan kirari ne. Kirari yana faranta ran wanda ake yi wa, amma ba ya nuna wa almajirin magini inda hannu ya dace da inda ya kauce.

Masu wancan ra'ayi sukan ce ba mu da kalmomin wannan aiki. Su je rumfar maɗinka su zauna. A can za su ji ana cewa wannan ɗinki ya cika, wancan ya yi sako-sako, wannan launi ya danne ɗan'uwansa, wancan dagi bai zauna ba. Wanda ke cinikin ƙwarya mai zane a kasuwar Gaya yana juya ta, yana bin layukan da yatsa kafin ya taya. Duk wannan tarke ne, abin da ya rage kawai shi ne a rubuta shi. Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe da yi wa waƙa da zube wannan hidima, sun tanadi kalmomi irin su jigo da salo da zubi da tsari. Mene ne ya hana a yi wa abin da ido ke gani?

Sukan kuma ce suka tana kashe gwiwar matasa. Ni a ganina shiru ya fi kashe ta. Yaron da ke zana allon mai aski ko jikin babbar mota, idan bai taɓa jin kowa ya ce masa nan ka gyara, nan ka burge ba, zai ɗauka ba wanda ya dubi aikinsa da gaske.

Ba na cewa mu kwaikwayi uli, ko mu karɓi duk abin da Okeke ya faɗa. Hasali ma akwai inda za mu iya tuhumar sa: shekarun da ya yi a Zariya kusa da ginin Durugu, gadon da ya ɗauka ya gina makaranta a kai na Ibo ne. Wannan haƙƙinsa ne. Bayanin dagi da bakan gizo nauyi ne da ke wuyanmu, kuma da Hausa ya kamata mu sauke shi, domin magina da maɗinka su karanta su mayar mana da martani. Rubutun da aka yi da Faransanci kaɗai, mai aikin ba ya cikin masu karanta shi.

Don haka ga roƙona. Kowace ƙungiya ta ware ɗaki ɗaya, ko da a gidan matasa ne, a rataye ayyukan masu zanen gari tare da sunayensu da shekarar aiki. Malaman Hausa su riƙa ba ɗalibai jingar bayyana riga ɗaya ko bango ɗaya, su faɗi abin da ya yi kyau da abin da ya gaza, da dalili. Mujallu irin wannan kuma su buɗe shafi na dindindin ga masu wannan rubutu, har da waɗanda za su ƙaryata abin da na faɗa a nan.