A Bar Gizo-gizo Ya Zauna da Mu

Duk ranar Asabar da safe, a gidaje da yawa na Gwantu, akan ɗaura tsintsiya a kan doguwar gora, a bi kusurwoyin ɗaki ana kakkaɓe yana. Ni ma na yi wannan aiki ina yaro. Idan gizo-gizo ya faɗo ƙasa, sai mu bi shi da takalmi, ba tare da mun tambayi laifin da ya yi ba. A makarantar kwana kuwa, yana guda a saman taga ta isa ta jawo wa 'yan ɗaki duka horo ranar duba tsabta. Da haka muka tashi muna ganin gizo-gizo ƙazanta ne kawai. A ganina ba mu yi masa adalci ba, kuma mu ne da asara.

Kafin ka share yana, tsaya ka dubi abin da ke cikinta. Za ka ga sauro, da ƙuda, da ƙananan ƙwarin da ke bin fitila, wani lokaci har da shinge. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasa irin tamu. A kudancin Kaduna damina takan fara tun watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, kuma duk tsawon wannan lokaci kududdufai da kwatami suna cike da ruwa, sauro yana ta hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. To, me zai sa mu kashe mai taimaka mana wajen rage sauro, wanda ba ya neman albashi, ba ya taɓa hatsinmu, ba ya kuma cin tufafinmu?

Mutane da yawa suna lissafa gizo-gizo cikin ƙwari irin su ƙuda da fara, amma masana kimiyya sun ware shi daban. Ƙuda da fara ƙafa shida gare su, shi kuwa takwas, kuma ba shi da fiffike. Zaren da yake saƙa da shi daga ƙarshen cikinsa yake fitowa. Zuwa shekarar 2022, irin gizo-gizon da masana suka gano suka ba suna sun kai 50,000. A shekarar 2017 wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun ƙiyasta cewa abin da gizo-gizon duniya suke kamawa a shekara guda ya kai nauyin tan miliyan 400 zuwa 800, kuma mafi yawansa ƙwari ne. Wani ɓangare na wannan farauta a gonakinmu na shinkafa da masara ake yin sa.

Ba kowane gizo-gizo ne yake kafa tarko ba. Akwai ɗan ƙaramin nan mai manyan idanu da ke yawo a bango da rana, ya laɓaɓa ya yi tsalle ya cafke ƙuda. A ƙasar Kenya, a gefen Tafkin Biktoriya, akwai wani ɗan'uwansa da ya fi son macen sauro wadda ta riga ta sha jini, wato ita ainihin mai yaɗa cuta. Sai dai kada a ɗauka cewa gizo-gizo zai maye gurbin gidan sauro. Ba zai iya ba. Taimako yake yi, ba magani ba ne.

Na san abin da mai musu zai ce: ina batun tautau? Kowa ya taɓa ganin wanda ya wayi gari da ƙuraje masu raɗaɗi a wuya ko a fuska, kamar an zana masa wuta, aka ce tautau ne ya bi ta wurin. Amma wa ya taɓa kama tautau ɗin yana cikin aikin? Likitocin fata sun gano cewa sau da yawa mai laifin wani siririn ƙwaro ne, mai launin baƙi da ja, wanda hasken lantarki yake jawowa ɗaki da damina. Ba ya cizo, amma idan aka murtsuke shi a kan fata, ruwan jikinsa yakan ƙona wurin. Wani lokacin kuma ƙurajen ciwo ne na daban da ke buƙatar asibiti. Gizo-gizo dai shi ake gani a ɗaki da safe, shi ya sa ake ɗora masa.

Duk da haka akwai wanda ya kamata a kiyaye. Launinsa ruwan ƙasa ne, cikinsa a dunƙule, da tabo ja ko ruwan goro a ƙarƙashinsa. Yakan ɓuya a ƙarƙashin kujera, ko cikin tsohon bokiti, ko tarin itace. Cizonsa yana da zafi, kuma wanda ya ciza, musamman yaro, a kai shi asibiti. Shi ma ba ya bin mutum, sai an matse shi. Kakkaɓe takalmi kafin a sa, wanda dama muna yi saboda kunama, ya isa kariya.

Abin da ya fi damuna shi ne fiya-fiya. Mutum ya rufe ƙofa da taga, ya yayyafa guba a ɗakin da 'ya'yansa za su kwana. Gubar ba ta zaɓe: takan kashe sauro, ta kashe mai cin sauro, ta kuma shiga ƙirjin mai gida. Bayan 'yan kwanaki sabon sauro ya shigo daga kwatami, ya tarar babu mai tsaro.

Abin mamaki, wannan da muke takewa da safe shi muke yi wa dariya da dare. Gizo, mijin Ƙoƙi, shi ne gwarzon tatsuniyoyin Hausa, mai wayo da kwaɗayi, wanda yakan yaudari Kura da Zaki duk da ƙanƙantarsa. Wani Bature mai suna Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a a farkon zamanin mulkin Turawa, ya tattara tatsuniyoyin Hausa ya buga su a littafi a 1913, kuma Gizo ya fito a cikinsu da yawa. Mutanen Akan na ƙasar Gana su ma suna da nasu, suna kiran sa Ananse, kuma bayin da aka kwashe sun tafi da labarinsa har Jamaika. Kakanninmu sun zauna sun lura da wannan halitta, sun ga dabararta da haƙurinta.

Ba cewa nake yi a bar ɗaki ya zama kango ba. Tsohuwar yana da ta yi baƙi da hayaƙi da ƙura ta daina kama komai, a share ta. A share ta saman gado, da wurin girki, da inda ake ajiye ruwan sha. Amma wadda ke bayan ƙofa, ko ƙarƙashin rufin kwano, ko gefen rumbu, wa ta tsare wa hanya? Idan kuma gizo-gizo ya shigo inda ba a son sa, a kifa masa kofi, a zura takarda ta ƙasa, a kai shi bayan gida a sake shi. A ɗakina akwai wani da ya kafa saƙarsa a saman taga tun farkon damina. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ƙirga sauro bakwai a cikinta, sai na wuce da tsintsiyata zuwa kusurwa ta gaba.