Motar da ke karɓar umarni daga ƙetare: Lissafin da ke gaban mai saye a Zamfara

A farkon watan Satumban 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa (NCC) ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara domin bai wa sojoji damar fatattakar 'yan bindiga. Gusau ta shafe kusan wata guda babu kira babu intanet, sauran ƙananan hukumomi kuma suka jira fiye da haka. Masu sana'ar POS sun rufe shaguna, 'yan kasuwa suka riƙa yin tafiya zuwa Funtuwa don kawai su tura kuɗi ko su amsa saƙo. Motoci ne kaɗai ba su ji a jikinsu ba, domin tsohuwar Golf ko Sharon ba ta da wata hulɗa da sabis. Motocin da ake tallatawa yanzu ba haka suke ba.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, maganar motoci masu amfani da lantarki ta daina zama hirar masu kuɗi kawai. Gwamnatin Tarayya ta cire musu harajin VAT a 2024. Tun a 2021 hukumar NADDC ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma Jihar Borno ta zuba irin waɗannan motoci a titunan Maiduguri. Ma'aikacin da ke kwana a Tsafe ko Bunguɗu yana aiki a Gusau, wanda mai ke cinye kaso mai tsoka na albashinsa, yana da hujjar ya fara lissafi.

Sai dai lissafin bai tsaya a kan caji da batir ba. Yawancin waɗannan motoci manhaja ce ke tafiyar da su, kuma kamfanin da ya ƙera su yana iya sauya halinsu daga nesa ta intanet, kamar yadda ake sabunta manhajar waya. Mai mota zai kwanta da mota ɗaya, ya wayi gari tana kama birki ko juya sitiyari ta wata hanya dabam. Abin da ya faru da waɗanda suka riga mu saye ya isa abin nazari.

Kamfanin Tesla na Amurka ne ya fi yin nisa a wannan fage. A Oktoban 2016 ya sanar cewa duk motar da yake ƙerawa tana ɗauke da na'urorin da za su ba ta damar tuƙa kanta gaba ɗaya, saura kawai manhaja ta kammala. Mutane da yawa suka biya kuɗin wannan alƙawari, wanda ake kira FSD, farashinsa ya kai Dala 15,000 a 2022 kafin a rage shi zuwa Dala 8,000 a 2024. A Janairun 2025 shugaban kamfanin, Elon Musk, ya amince cewa kwamfutar da ke cikin tsofaffin motocin da ake kira HW3 sai an sauya ta ga waɗanda suka sayi manhajar. Wato mutum ya biya, ya jira shekaru, daga ƙarshe aka ce masa kwakwalwar motarsa ba za ta iya ɗaukar abin da ya biya ba. Har yanzu dole ne direba ya zuba ido a hanya, kuma kamfanin da kansa ya ƙara wa sunan manhajar kalmar da ke nuna cewa tana buƙatar sa ido.

Adalci shi ne a faɗi cewa sabuntawar tana da amfani. A Disamban 2023 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka (NHTSA) ta sa Tesla ya gyara motoci kusan miliyan 2 saboda tsarin Autopilot ba ya tabbatar da cewa hankalin direba yana kan tuƙi. Ba a kai su gareji ba, ta intanet aka tura gyaran. A 2017, lokacin guguwar Irma a Florida, kamfanin ya buɗe wa wasu masu motoci ƙarin ƙarfin batir daga nesa domin su tsere. Amma hannun da ya bayar yana iya karɓewa: a 2019 wata sabuntawa ta rage nisan da wasu motocin Model S ke iya yi, sai da aka je kotu kafin kamfanin ya yarda a 2021 ya biya kowane daga cikin masu motoci 1,743 Dala 625.

Abin da ya fi shafar Zamfara kai tsaye shi ne binciken da NHTSA ta buɗe a Oktoban 2024 kan motoci miliyan 2.4, bayan haɗurra huɗu da suka auku a lokacin da hanya ba ta ganuwa sosai saboda hasken rana mai kashe ido, ko hazo, ko ƙura. A ɗaya daga cikinsu an kashe wani mai tafiya a ƙasa. Tesla ya fara daina sa na'urar rada a sababbin motocinsa a 2021, ya dogara ga kyamarori kaɗai. Abin da a Amurka yake faruwa jefi-jefi, a nan shi ne yanayin wata uku ko huɗu na hunturu. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Tsafe da sassafe a watan Janairu ya san yadda tirela ke fitowa daga cikin hazo kamar daga sama.

Sannan akwai ita kanta hanyar. Waɗannan manhajoji suna koyon tuƙi ne daga hotunan bidiyon titunan da aka zana wa farin layi, aka kafa wa alamomi. Hanyar da ta ratsa Tsafe da Gusau da Bunguɗu ta nufi Sakkwato tana da ramuka, da wuraren da aikin faɗaɗawa ya karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya, da garken shanu, da 'yan acaɓa, da masu tallan da ke tsallakawa ranar kasuwa. Akwai kuma shingayen jami'an tsaro, inda ɗaga hannun soja shi ne doka. Mafi muhimmanci, direban wannan hanya yana karanta alamomin da kyamara ba ta san da su ba: idan ya ga minti biyar sun wuce babu motar da ta fito daga ɗaya ɓangaren, ya san ya kamata ya tsaya ya tambaya. Motar da aka koya wa tsayawa cak idan ta ga itace a tsakiyar titi tana yin daidai a Kalifoniya. A dajin da ake tare hanya, wannan tsayawa na iya zama abin da masu garkuwa suke jira.

Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Tesla ya buɗe wa FSD, kuma ba shi da ofishin sayarwa a ƙasar. Saboda haka dillalin da ya ƙara kuɗi a kan 'yar Kwatano da hujjar cewa tana tuƙa kanta, yana sayar da abin da ba ya hannunsa. A 2020 an samu wanda ya sayi Model S ta hannu a Amurka, daga baya kamfanin ya cire mata manhajar daga nesa yana cewa ba a biya ba, sai da labarin ya bazu aka mayar masa. Da yawa daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka kuwa waɗanda suka yi haɗari ne aka saya a gwanjo, kuma irin waɗannan garantinsu ya faɗi. Idan allonta ya ɗauke a Kwatarkwashi, bakaniken da ya ƙware a kan kafireta da gasket ba shi da abin da zai kwance.

Motocin Chana ne suka fi kusa da aljihun ɗan kasuwa, kuma can ma an sha darasi. A Fabrairun 2025 kamfanin BYD ya sanar da sa tsarin taimakon tuƙi kyauta a yawancin motocinsa, har da masu araha. Wata guda bayan haka, a ƙarshen Maris, wata motar Xiaomi SU7 da ke kan irin wannan tsari ta daki shingen kankare a lardin Anhui, a wurin da ake gyaran hanya, mutum uku suka mutu. Cikin makonni hukumomin Chana suka hana kamfanoni amfani da kalmomin da ke nuna mota na tuƙa kanta a talla, suka kuma tsaurara ƙa'idar tura sabuntawar da ta shafi tuƙi. Wata matsalar ita ce mutuwar kamfani: lokacin da Fisker na Amurka ya durƙushe a Yunin 2024, masu motocinsa sai da suka kafa ƙungiya don neman yadda manhajarsu za ta ci gaba da aiki.

A Agustan 2025 wata kotu a Miami ta ɗora wa Tesla diyyar kusan Dala miliyan 243 kan haɗarin da ya kashe wata matashiya a 2019. Hakan ya yiwu ne saboda akwai kamfani a ƙasar da za a kai ƙara, akwai kuma bayanan da aka zaƙulo daga kwamfutar motar. Idan irin wannan ya faru a Bunguɗu, jami'an FRSC da 'yan sanda direba za su kama, kuma shi zai fuskanci iyalan mamaci. Hukumar kare haƙƙin masu saye (FCCPC) da NADDC suna da damar yin abu mai sauƙi tun kafin motocin su yi yawa: su wajabta wa dillali ya rubuta wa mai saye waɗanne manhajoji ne ke aiki a Najeriya, da sunan wa aka buɗe asusun motar, da kuma abin da zai daina aiki idan babu sabis.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai saye a Gusau zai fara yi. Motar za ta tashi ta yi tafiya ko babu intanet, amma taswira, da buɗe ƙofa ta waya daga nesa, da gyaran da kamfani zai turo idan ya gano matsala a birki, duk suna jiran sabis. Caji kuma yana jiran wuta, a yankin da ya shafe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024 bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa. Wanda ke da sola a gida, kuma zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari zuwa Bunguɗu ba, zai iya cin ribar rashin sayen mai, matuƙar bai biya ko sisi a kan alƙawarin tuƙa kai ba.