Ina kakanka yake a 1897? Yahudawan Hartum, Hausawan Sudan da shekara 70 ta istiƙlal

Ranar 1 ga Janairun 2026 Sudan ta cika shekara 70 da samun 'yancin kai, abin da mu nan muke ce wa istiƙlal. Ba a yi wani bikin kirki ba, kuma wa zai ga laifin mutane? Fadar da Isma'il al-Azhari da Muhammad Ahmad Mahjub suka ɗaga tuta a farfajiyarta a 1956, sai a watan Maris na 2025 sojoji suka ƙwato ta daga hannun Da'am Sari', ta riga ta zama kango. Tun daga 15 ga Afrilun 2023 kowa na cikin nasa.

A cikin wannan makon ne wani matashi ya rubuta a zauren WhatsApp na 'yan unguwarmu, waɗanda yaƙi ya warwatsa tsakanin Gadarif, Kasala da Alƙahira, cewa da mu Hausawa muna da ƙasa mai tsaya mana kamar yadda Isra'ila ke tsaya wa Yahudawa, da ba wanda ya isa ya taɓa mu. Aka yi masa caa, wasu har da zagi. Ni ban ga abin zagi ba. Yaron ya faɗi abin da ke zukatan da yawa daga cikinmu ne, sai dai bai san cewa an taɓa gwada wannan lissafin a nan cikin garinmu ba, kuma an ga inda ya ƙare.

Kafin in ci gaba, na san yadda zukata suke game da Gaza, nawa ma haka yake. Maganata a kan wasu maƙwabta ce da suka zauna a Umdurman da Hartum, suka haifi 'ya'ya, suka binne iyaye, yau babu su.

Lokacin da Mahadi ya ci Hartum a Janairun 1885 akwai 'yan gidajen Yahudawa a ƙasar, ba su kai goma ba. An tilasta musu shiga Musulunci tare da Kiristocin da aka samu, aka zaunar da su a unguwar da har yau ake kira Masalma a Umdurman. Babbansu, Musa Ben Siyon Koshti, shi ne aka sani da Basyuni. Bayan yaƙin Karari a 1898 wasu suka koma addininsu na da, wasu suka zauna a Musulunci, jikokinsu na nan cikinmu suna salla. Daga nan 'yan kasuwa suka riƙa zuwa daga Masar, Iraƙi da Sham. A 1906 aka kawo musu malami, Sulaiman Malka, haifaffen Maroko, wanda ya jagorance su har ya rasu a 1949. A 1926 suka gina babban wurin ibadarsu a titin da yanzu ake kira Shari'ul Ƙasr. Ko a lokacin da suka fi yawa, ba su wuce mutum dubu ɗaya ba. Larabcin Sudan suke yi, suna cinikin yadi, fata da ƙaro, suna da kantuna har a Wad Madani da Bur Sudan.

To me ya kore su? A nan ne labarinsu ya haɗu da namu.

Dokar da Turawa suka yi a 1948 don fayyace wane ne ɗan Sudan, da dokar jinsiyya ta 1957 da ta gaje ta, sun tsaya a kan rana ɗaya: 31 ga Disamban 1897. Idan kai ko kakanka ta wajen uba kuna zaune a Sudan tun daga wannan rana, kai ɗan ƙasa ne. Idan bayanta kuka zo, sai ka nemi a ba ka. Ku duba ranar da kyau, watanni takwas ne kafin Karari. Bayahuden da ya sha wuyar Mahadiyya a Masalma ya tsallake, wanda ya biyo jirgin ƙasa daga Masar bai tsallake ba. Mu ma haka aka raba mu. Wanda kakansa ya yi yaƙi ƙarƙashin tutar Mahadi ya shiga. Amma babbar hijirarmu ta zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake kusa da Sinnar. Sai kuma alhazan ƙafa da suka tsaya neman guzuri, da waɗanda suka noma audugar Jazira tun da aka buɗe aikin a 1925. Duk waɗannan, a idon doka, sun makara.

Daga baya an matsar da ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta mai da ita 1 ga Janairun 1956. A takarda ke nan. Kakana a ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina da niyyar Makka, ya tsaya a Jazira, a nan ya mutu. Babana a Sudan aka haife shi, bai taɓa ganin Najeriya ba. Amma ranar da na raka shi neman takarda a wani ofis, da jami'in ya ji sunan kakanmu sai ya ajiye biro, ya ce a kawo shaidu, a kawo shehun ƙabila, a dawo wani mako. Wanda ke bayanmu a layi, daga arewa, minti biyar bai yi ba. Ba na jin akwai gidan Bahaushe a Mayo ko Ingaz da ba shi da irin wannan labarin.

Yahudawa sun fara tattara kaya daga 1956, shekarar istiƙlal kuma shekarar yaƙin Suwais. A 1958 aka yi dokar ƙaurace wa Isra'ila. Da yaƙin 1967 ya zo aka kama wasu daga cikin mazansu, jaridu suka yi ta zarginsu da leƙen asiri, kuma a ƙarshen Agustan shekarar ne shugabannin Larabawa suka taru a Hartum suka yi "a'a" ɗin nan guda uku: ba sulhu, ba amincewa, ba tattaunawa da Isra'ila. Mutumin da aka haifa a Masalma ya wayi gari ana tuhumarsa da laifin wata ƙasa da wataƙila bai taɓa taka ta ba. Kafin 1970 kusan duk sun fice. A tsakiyar shekarun 1970 suka dawo suka tone wasu daga cikin mamatansu aka kai Ƙudus. Wurin ibadar kuwa a ƙarshen shekarun 1980 aka rushe shi, banki ya hau wurin.

Gaskiyar yaron nan ita ce zumuncinsu ya yi aiki. Isra'ila tana da doka tun 1950 da ta ba kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa. Kuma ba can kaɗai suka nufa ba, da yawa Ingila, Amurka da Janeba suka tafi, inda 'yan'uwa suka karɓe su. Nessim Gaon, haifaffen Hartum a 1922, ya zama hamshaƙin attajiri a Janeba kuma shugaban ƙungiyar Yahudawan Safardi ta duniya. Masu karatu a Najeriya sun san aikinsa ko da ba su san shi ba: otal ɗin Nicon Noga Hilton na Abuja, wanda yanzu ake kira Transcorp Hilton, Noga ɗin sunan kamfaninsa ne. Mu ma da idonmu mun ga ƙarfin wannan zumunci a 1984 zuwa 1985, lokacin da aka kwashi Yahudawan Habasha, Falasha, kimanin dubu takwas daga sansanonin gabas ta filin jirgin Hartum. Bayan faɗuwar Numairi aka gurfanar da mataimakinsa Umar al-Ɗayyib a kan haka, aka ɗaure shi.

Amma duba abin da zumuncin ya iya da abin da ya kasa. Ya fitar da mutane da ransu, bai iya zaunar da ko gida goma a Umdurman ba. Kasancewar akwai inda za su shi ya sauƙaƙa wa masu cewa su tafi. Falasha kuma da suka isa, manyan malaman addini na can suka yi shakkar Yahudancinsu, suka nemi a sake yi musu wani wankan shiga addini, sannan a 1996 ta fito fili cewa ana zubar da jinin da suke bayarwa gudummawa a ɓoye. Can ma sai da aka tambaye su asali. Ƙasar da aka kafa don kada a sake korar Bayahude kuwa, kafuwarta a 1948 ta raba Falasɗinawa sama da dubu ɗari bakwai da gidajensu. Wannan ba abin da zan yi wa jama'ata fata ba ne, ko a matsayin wanda aka kwasa ko a matsayin wanda aka kwaso wasu aka zuba a gonarsa.

Yanzu mu auna da namu. A Yulin 2022, da Hausawan Shuɗin Nilu suka nemi a ba su sarauta tasu a cikin idara ahliyya, aka ƙi, rikici ya tashi a Rusairis da kewaye, sama da mutum ɗari suka mutu. A Oktoba, a Wad al-Mahi, adadin ya haura ɗari biyu. Hujjar da aka kafa ita ce sarauta tana tafiya da ƙasa, ƙasa kuma ta masu asali ce. Tambayar 1897 ce ta dawo. Mun fito a Hartum, Gadarif, Bur Sudan da Ubayyid, aka watsa mana barkonon tsohuwa. A Kasala wasu namu sun ƙona gine-ginen gwamnati, kuma wannan kuskure ne da ya ba masu ƙinmu abin faɗa. 'Yan'uwa a Kano, Zariya da Maraɗi sun ji zafin abin, Facebook ya cika da addu'a, gidajen rediyon Hausa sun ɗauki labarin. Allah ya saka musu. Sai dai na ga masu rubuta cewa a turo jirage a dawo da 'yan'uwanmu gida. Wallahi da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma wanda ya ƙona gidajen Rusairis shi ma abin da yake faɗa ke nan: ku koma gidanku.

Kuma wane gidan? Da yaƙi ya ɓarke a 2023 Najeriya ta kwashe mutanenta, galibi ɗalibai, ta iyakar Masar da ta Bur Sudan. Masu fasfo ta kwasa, kuma daidai ta yi. Bahaushen Mai Wurno, jika ko tattaɓa-kunne, ba shi da wannan fasfon. In ya je nema za a tambaye shi takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, shi kuwa abin da ya sani kawai kakansa daga "ƙasar Hausa" ya fito. A Kano ɗan Sudan za a kira shi, Hausarsa ma da ke cike da Larabci sai an yi mata dariya. Ba mu da dokar komawa irin ta 1950, ni kuma ba na roƙon a yi mana.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wannan tambayar ta asali ba ta taɓa tsayawa a kan mutum ɗaya ba. Da aka raba muƙaman da Turawa suka bari, kusan ɗari takwas, 'yan Kudu ba su samu ko goma ba. A 2011, bayan sun ɓalle, aka gyara doka aka cire jinsiyyar duk wanda ake ganin ɗan Kudu ne, har wanda aka haifa a Umdurman bai san hanyar Juba ba. A 2008 wata jarida ta ruwaito Umar al-Bashir yana cire Hausawa daga 'yan ƙasa, fadarsa ta musanta, amma sai da aka zubar da jini a Gadarif. A wannan yaƙin kuma mun ji abin da ake kira dokar baƙin fuska, inda kamanninka ko garin da aka rubuta a katinka ya isa a tsare ka a shinge.

Gwamnati ta tuna da Yahudawan Sudan daga baya. A 2019 ministan harkokin addini Nasruddin Mufarrih ya gayyace su su dawo. Burhan ya gana da Netanyahu a Entebbe a Fabrairun 2020, aka sa hannu a kan yarjejeniyar Ibrahim a Janairun 2021, aka soke dokar ƙauracewa a watan Afrilu. A ganina, neman fita daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da ta'addanci ne ya kawo wannan, ba nadamar abin da aka yi wa 'yan Masalma ba. An kira waɗanda suka tafi shekara hamsin da suka wuce, mu da muke tsaye a bakin taga da fayil a hannu ba a ce mana komai ba.

Don haka in 'yan'uwa na Najeriya da Nijar suna son taimaka mana, ga inda taimakon zai yi amfani. Su kira mu 'yan Sudan in suna magana a kanmu, a rediyo ko a majalisa. Jami'o'in Kano da Sakkwato su buɗe wa yaranmu da karatunsu ya tsaya ƙofa, su karanta su dawo. Masu hali su tallafa wa lauyoyin da za su bi wa talaka maganar raƙam waɗani. Mu kuma namu aikin ya fi nauyi. Yaƙin ya ci takardun mutane da yawa, gidaje sun ƙone, ofisoshi sun watse, kuma duk ranar da aka zauna sake rajistar jama'a da rabon filaye a Hartum, wanda ba shi da shaida shi za a fara turewa. Yahudawan Sudan, da ba su wuce dubu ba, sun rubuta tarihinsu: Eli Malka, ɗan malamin nasu, ya fitar da littafi a 1997, jikokinsu kuma suna ta naɗar muryoyin tsofaffi. Mu da muka cika garuruwa daga Junaina zuwa Bur Sudan, tsofaffinmu da suka san shekarar da aka sari dajin kowace hilla suna mutuwa a sansanonin gudun hijira ba wanda ya ɗauki maganarsu.

Na tura wa yaron nan wannan bayanin a taƙaice. Ya amsa cewa kakarsa tana Gadarif, ta haura tamanin, kuma tana riƙe da rasiɗin harajin gonar mijinta tun na zamanin Turawa a cikin wata tsohuwar jakar fata. Na ce masa ya ɗauki hotonsa yau, gaba da baya, ya tura wa mutum uku a garuruwa daban-daban.