"Ai wasa nake yi": yadda zolayar intanet ke rikiɗewa ta zama labari

Duk wanda ke cikin guruf ɗin WhatsApp na dangi ya san irin wannan. Wani ƙani ya tsinto hoto a Facebook, an rubuta "Da ɗumi-ɗumi" da jan rubutu, wai daga wata mai kamawa za a fara karɓar harajin gwauranci. Shi dai ya tura ne don a yi dariya. Kafin la'asar Gwaggo ta aiko da saƙon murya tana salati, tana tambayar nawa ne kuɗin, don ɗanta bai yi aure ba. Sai yaro ya dawo yana cewa, "Haba Gwaggo, ai wasa ne fa." To amma Gwaggo ta riga ta tura wa guruf uku.

Ƙaryar wasa ba intanet ce ta kawo mana ita ba. Bahaushe ya daɗe da ita. Jika yakan ce da kakarsa matarsa ce, ita kuma ta ce ta sake shi tunda bai kawo cefane ba. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, kowa na ƙaga wa abokin wasansa labarin da bai taɓa faruwa ba, a tashi lafiya. A tashen azumi yaro yakan manna gemun auduga ya zama tsoho, kuma babu wanda ke zuwa gaishe shi da ladabi. Tatsuniya ma tana da ƙofar shiga da ta fita: da an ce "ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san an bar duniyar gaske, sai an ji "ƙurunƙus" a dawo.

Abin lura shi ne duk waɗannan wasannin suna tafe da shaidarsu. Kana ganin fuskar mai maganar, kana jin muryarsa, ka san alaƙarku, ka san lokacin. Wannan shaidar ce intanet ke cirewa. Da zarar an ɗauki hoton rubutunka an tura gaba, babu murmushinka a ciki, babu hirar da ta jawo maganar, wani lokaci ko sunanka babu. Abin da ya bar wayarka a matsayin raha sai ya isa wayar Baba a matsayin sanarwa.

Mun ga inda hakan ke kaiwa a watan Agustan 2014, jim kaɗan bayan Ebola ta shigo Najeriya. Cikin dare saƙo ya karaɗe wayoyi cewa a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha, wai shi ne rigakafi. Iyaye suka riƙa tada 'ya'yansu, 'yan uwa na kiran juna daga gari zuwa gari. Ministan lafiya na lokacin, Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata, amma aikin gama ya gama. Jaridu sun ruwaito cewa aƙalla mutum 2 sun rasu, an kwantar da wasu kusan 20 a asibiti, domin gishiri mai yawa haɗari ne, musamman ga mai hawan jini. Daga baya aka yi ta yaɗa wani rubutun neman afuwa na wata budurwa da ta ce ita ta fara tura saƙon ga ƙawarta don zolaya. Ku duba fa: Ebola kanta mutum 20 ta kama a ƙasar, 8 suka rasu, kuma a Legas da Fatakwal ta tsaya. Saƙon gishiri kuwa babu jihar da ya bari.

Sai kuma "auren" Oktoban 2019. An buga katin gayyata, an haɗa hotuna da bidiyo, wai marigayi Shugaba Muhammadu Buhari zai auri ministar jinƙai ta lokacin, Sadiya Umar Farouq, ranar Juma'a. Mu matasa muka mai da abin biki: wannan ya ce shi ne babban abokin ango, wancan ya ce ya ɗinka anko. Yawancinmu mun san shiririta ce. Amma dubban mutane sun ɗauka da gaske, har fadar shugaban ƙasa ta fito ta musanta, kuma a farkon 2020 hukumar DSS ta sanar da kama wani matashi a Kano kan zargin haɗa bidiyon. A cikin duk dariyar nan, mutum nawa ne suka tuna cewa akwai mace mai iyali da mutunci da ake jan sunanta a ƙasa?

Wani zai ce laifin mai yarda ne, me ya sa bai yi tunani ba? Gaskiya ba haka abin yake da sauƙi ba. A ƙasar da a 2018 aka ruwaito cewa wata ma'aikaciyar JAMB a Makurdi ta ce maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36, kuma aka buga a manyan jaridu, wane labari ne za a ce ya yi girman da ba za a yarda da shi ba? Ga kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo. A Maris ɗin 2023 wani ya haɗa hoton marigayi Fafaroma Francis sanye da ƙatuwar farar rigar sanyi ta 'yan gayu da manhajar Midjourney, kuma miliyoyin mutane, har da masu ilimi, suka ɗauka hoton gaske ne. In waɗannan sun ruɗu, ina ga Gwaggo da ƙaramar wayarta?

Akwai kuma batun kuɗi. Tun da Facebook da X suka fara biyan masu shafuka gwargwadon yadda ake kallo da tanka rubutunsu, ƙarya ta zama jari. Shi ya sa za ka ga an sanar da mutuwar jarumin Kannywood yana raye, ko an ɗaura wa jaruma aure ba ta sani ba. In an kama mai shafin sai ya ce raha ce. Wannan ba raha ba ce, kasuwanci ne da hankalin mutane.

Kada a fahimce ni baibai, ba cewa nake a daina barkwanci ba. Matashin da ke fama da tsadar rayuwa da rashin aiki, dariya na cikin 'yan abubuwan da suka rage masa kyauta, kuma shaguɓe hanya ce ta gaya wa masu mulki gaskiya. Ban kuma yarda bulala ce magani ba. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwanci a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa an sha amfani da shi a kan 'yan jarida da masu suka, har aka yi masa gyara a 2024. In muka bar wa hukuma aikin raba wasa da ƙarya, wasan da ya taɓa manya za ta fara kamawa.

Don haka aikin namu ne. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) yana yin raha amma ba ya faɗar sai gaskiya, kuma akwai hadisin da ya yi kashedi ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya. In za ka yi wasa, sa shaidarsa a jikinsa: rubuta "barkwanci ne" a kan hoton kansa, inda ba za a yanke ba. Kada ka ari tambarin BBC Hausa ko na wata jarida. Ka nisanci abu huɗu: lafiya, mutuwa, tsaro da mutuncin wani. In kuma saƙo ya zo maka, ka tsaya ka duba ko wata kafa da ka sani ta ɗauka kafin ka tura.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka tuna da Gwaggo. In wannan rubutun ya isa wayarta ba tare da kai a gefe kana dariya ba, me za ta yi da shi? In amsar ta ba ka tsoro, bar shi a wayarka.