Muhammad Ali Ba Waliyyi Ba Ne

Ban yarda da masu mayar da Muhammad Ali waliyyi ba. A majalisun Kiyawa da Dutse ana wasa shi kamar yadda Ɗan Anace ya wasa Shago, alhali yabo aikin makaɗi ne, mai nazari kuwa awo ya kamace shi.

Bajintarsa ba ta ɓuya. Da dabara ya gajiyar da George Foreman a Kinshasa a 1974 kafin ya kayar da shi. A 1967 ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, aka ƙwace kambinsa, ya yi shekara uku da rabi bai yi dambe ba, yana kan ganiyarsa.

Sai dai bakin da ya kare mutuncin baƙar fata shi ne ya kira Joe Frazier goggon biri, mutumin da ya tallafa masa lokacin dakatarwar. Kuma ya ƙi ajiye dambe, har Larry Holmes, tsohon yaronsa na atisaye, ya lakaɗa masa duka a 1980.

'Yan dambenmu su gaji tsayuwarsa kan gaskiya, su bar masa gorin da taurin kan.